Ɗaukaka Ƙarar Matuƙin Jirgin Fito

Tun da aka dakatar da matuƙin jirgin fiton gwamnati saboda ya ƙi ƙetare kogi da fasinjoji ranar ambaliya, duk inda ya zauna sai ya ji ƙasa tana rangaji da shi. Ko a gaban kwamitin ɗaukaka ƙara, gani yake teburinsu na lulawa kamar kwalekwalen da ya kwance.

"Malam, me ya sa ka bijire wa umarnin manaja?" in ji shugabar kwamitin.

"Ranki ya daɗe, ruwan ne ya riga shi ba ni umarni."

Suka yi ƙus-ƙus, suka ɗage dakatarwar. Ya fito kamar mai tafiya cikin barci, har ya wuce ƙofar gidansa, sai da matarsa ta ƙwala masa kira.