Ranar da Ƙwai Ta Ruga

"Bi a hankali, akwai matakala," in ji mai aski, yana riƙe da hannun 'yarsa a ƙofar asibiti, alhali shi ne mai dogara sanda, ita kuwa ƙafafunta garau.

Haka yake. Ko a shagonsa ba mai kiran sunansa na yanka, sai A-Hankali, don kalmar ba ta barin bakinsa. Tun yana yaro ƙashin cinyarsa ta dama ya lanƙwashe, ya yi ta karyewa: a filin ƙwallo, wajen tsallake kwata, har akwai ranar da ya karye yana saukowa daga kan gado. Da Allah ya ba shi 'ya, sai ya tattara tsoronsa kaf ya ɗora mata. Ba gudu, ba tsalle, ba hawa keke. 'Yan layi suka sa mata Ƙwai, sunan ya bi ta har makaranta.

To ga shi gobe za a yi gasar gudu a makarantar tasu. Malamin wasanni ya zo shago da kansa yana roƙon a bar ta, A-Hankali ya yi masa aski mai kyau, ya shafa masa hoda, ya sallame shi da a'a. Tun ranar Ƙwai take kumbure-kumbure, uwarta kuma ta koma amsa masa magana da "to" kawai. Shi ya sa da aka kira shi daga asibiti, aka ce wata likita na bincike a kan masu irin ƙashinsa, ya amsa da rawar jiki. Yana da tasa manufar. Zai sa a ɗauki hoton ƙashin yarinyar, uwa da 'ya su gani da idonsu, a shafa masa lafiya.

A kan bencin jira ya tarar da abin da bai taɓa gani ba: mutane irinsa. Ga wata mai kumburin kunci ɗaya, ga wani direba da hannunsa ya ɗan karkace. Kafin a kira shi har sun fara gasar wa ya fi wani karaya, suna ta dariya, kuma A-Hankali ne ya cinye.

Likitar matashiya ce, ta ɗora tabarau a goshi ta manta da shi. Ta auna ƙafafunsa, ta sa aka ɗebi jininsa, ta tambaye shi lokacin da ciwon ya fi damunsa. Sannan ta kafa hoton cinyarsa a jikin fitila, ta nuna masa inda ƙashi ya kamata ya yi tauri amma ya zama kamar soson wanka. Ta ce sunan abin fibrous dysplasia, ba ciwon daji ba ne, kuma binciken nasu na son gano yadda yake canzawa da shekaru da abin da zai rage raɗaɗinsa. A-Hankali ya gwada faɗin sunan, harshensa ya harɗe, ya haƙura.

Sai ya turo Ƙwai gaba. "Likita, ni ai na riga na lalace. Ga wadda na kawo miki."

Likita ta tambayi yarinyar ko wani wuri na yi mata ciwo, ko ta taɓa karyewa. Babu. Ta tattaɓa ƙafafunta da fuskarta, ta sa ta taka zuwa ƙofa ta dawo. Ta juyo tana murmushi.

"Malam, wannan ciwon ba a gadonsa. Tun kana ciki ya faro a jikinka, kuma a jikinka ya tsaya. Ba ka karɓo daga iyayenka ba, ba ka ba 'yarka ba."

Ina, bai yarda nan take ba. Ya ce ai kawunsa ma ɗingishi yake. Matarsa, wadda ta rako su asibitin, ta tuna masa cewa babur ne ya kaɗe kawu. Ya ce to kakansa fa, da ya rasu a duƙe? Ta ce wannan kuma tsufa ne, Baban Ƙwai. Likita ta sauko da tabaraunta ta ɓoye dariya, ta ce in wani abu ya taso a kawo yarinyar a duba, amma yau dai ba ta ga dalilin hana ta wasa ba.

Ya fito jikinsa a sanyaye. Murna yake, murna sosai, amma kunya ta fi yawa. Ya yi ta tuna ranakun da yara ke guje-guje a layi, tasa 'yar tana zaune a bakin shago tana kallon gashi yana zuba ƙasa. Ba wanda ya ce masa komai, kuma da ma sun yi masa gori da ya fi masa sauƙi.

Suna isa bakin titi motar unguwarsu ta tashi daga tasha, kwandasta na rataye a ƙofa. Da sandarsa ba zai cim mata ba, wata kuma sai an daɗe. Ƙwai ta kalli motar, ta kalli ubanta. Ya buɗe baki, kalmarsa ta kullum ta zo har leɓe, ya haɗiye ta.

"Ruga ki tsayar mana da ita."

Ta cire takalmanta ta miƙa wa uwarta ba tare da ta duba ba, uwar kuma ta karɓa kamar wadda ta saba. Sai yarinya ta cilla. Ta kauce wa mai baro, ta tsallake kwata, gwiwoyinta na tashi sama, hannuwanta na tafiya daidai, ta sha gaban motar tun ba ta kai kwana ba. A-Hankali bai taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Amma ya daɗe yana yi wa 'yan ƙwallo aski, ya san gudun wanda yau ya fara, kuma wannan ba shi ba ne.

Ya juya ya dubi matarsa. Ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

"Tun yaushe?"

"Tun tana aji ɗaya. Duk layinmu kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Ya kalli 'yarsa can gaba, tana riƙe da ƙofar mota tana ɗaga musu hannu, ko haki ba ta yi. Ya goge ido da bayan hannu, ya gyara riƙon sanda.

"To gobe a ce wa malamin nan ya ajiye mini kujera a gaba. Kin san ba na iya tsayuwa."