Ranar da Jiragen Suka Yi Kuka Tare

Tun shekarar da teku ta shigo garin Talcahuano ta ɗora kwale-kwale a kan rufin gidajen mutane, Nolberto Sanhueza ba ya barin wata ƙara ta fito daga tashar jiragen ruwan soja ta wuce sai ya gane ko ta mece ce. Gidansa na gindin tudu, jifa ɗaya daga katangar tashar. Ya san igwar gaisuwar manya, mai tazara kamar numfashi. Ya san gurnanin sarƙar anga, ƙarfen tsayar da jirgi, da jiniyar atisaye. Dole ya sani, domin 'yarsa Yasna ta kai shekara ashirin ba ta taɓa taka ƙasa da ƙafarta ba, hanyar tsira daga unguwar kuwa matakala ce, keken guragu ba ya hawanta.

Wata Laraba da la'asar, matarsa na can wurin aiki a kamfanin kifi, yana yanka burodi, Yasna na shan shayi, sai wani jirgi ya saki oda mai tsawo. Wani ya amsa. Kafin ya ajiye wuƙar duk jiragen sun haɗa baki, jiniya a kan oda, har gilashin taga na rawa.

"To, masani," in ji Yasna, "fassara mana."

Ya karkata kai ya kasa kunne. Ba atisaye ba ne. Ba kuma irin ta shigar sabuwar shekara ba ce.

"Ƙasa fa ba ta motsa ba, Baba. Ko shayina bai zube ba."

"Tana iya motsawa a wata uwa duniya ta aiko mana da ruwan."

Ya leƙa waje. Maƙwabcinsu Don Aliro mai kanti yana rufe ƙofa, mata biyu sun riga sun kama matakala da yara. A unguwar nan ba a tambaya a ƙasa, sai an hau ake tambaya. Nolberto ya durƙusa gaban keken, ta rungumo wuyansa.

"Ina gaya maka ka daina ƙara min burodi, ka ƙi," ta ce a kunnensa.

"Riƙe ni dai."

Shekarar ruwan nan da gudu ya haye da ita, ko haki bai yi ba. Yanzu tun a matakan farko numfashinsa ya fara gardama. Ya riƙa jan ƙarfen gefe da hannu ɗaya, jiragen na ta kuka a bayansa. Can sama yana hango koren allon da ke nuna inda ruwa ba ya kaiwa. Bai kai rabin hanya ba wani abu ya tsinke masa a ƙugu, ya zube a kan gwiwoyinsa.

Mutane na wucewa, kowa da nasa kayan: wannan da jariri, wancan da tsohuwar uwarsa. Wani ya ce yana dawowa.

"Ajiye ni, Baba. Hau ka nemo mutane."

"Rufe min baki."

Ya yunƙura. Ƙafar dama ta ƙi amsawa. Ya sake yunƙurawa, gumi na ɗiga kan siminti. Daga nan ya zamar da ita kan matakala ya zauna ƙasa da ita, tsakaninta da teku, don ba abin da ya rage masa.

Sai ƙarar ta ɗauke.

Doña Ercilia mai soya kifi, wadda jikanta soja ne a tashar, ta gangaro da waya a hannu tana dariya. "Ku sauko, jama'a. Wani tsohon jirgi suka yi wa ritaya, ban kwana suke masa. Don Nolberto, kai ma da kunnen naka an ci ka?"

Aka yi ta gangarowa ana tsokanar juna. Yasna ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga kai ta dubi allon, ta dubi ragowar matakan, sannan ta dubi ubanta.

"Da ruwan ne fa?"

Ya kai hannu ya dafe ƙugunsa.

"Za ka iya tashi?"

"Bari in huta tukuna."

"Doña Ercilia," ta ce a hankali, "turo mana maza. Mu biyu ne za a ɗauka."