Ƙafa Huɗu Iri Ɗaya

Tun ranar da maigidanta ya shigo da injin sassaƙa katakon nan gareji, matar ta daina shanya a tsakar gida. Garin katako yana bin iska ya kwanta a kan zannuwa, ya shiga kofin shayi, har cikin gashin gira. Da rana mai sayar da magani ne, mai farar riga; da yamma sai ya koma wata halitta mai ƙura da warin ƙonannen itace.

Injin ba ya rasa amfani, ita ma ta sani. A ɗaure sanda a tsakiyarsa, a riƙa juya hannu a hankali, haƙorinsa yana tafiya yana yanka murɗiya sumul kamar igiya. Ya yi mata sandar labule da mariƙin fitila. Shi ya sa da ƙafa ɗaya ta kujerar marigayi babanta ta karye, ta miƙa masa ba tare da ɗar ba.

"Ɗaya kawai, baban yara. Sauran ukun kada ka taɓa."

"Haba, ranki ya daɗe. Sai kin kasa gane sabuwar."

Wani tsohon kafinta ne ya sassaƙa ƙafafun da hannu. Murɗiyarsu ba ta tafi daidai ba: nan ta matse, can ta sake. A ƙafar gaba ta dama akwai wani ɗan lotso mai santsi, inda dunduniyar babanta ta yi shekara da shekaru tana gogawa in yana sauraron rediyo. Tana yarinya takan zauna a ƙasa ta sa yatsa a wurin.

Ran da ya kira ta ta gani, ta tarar da kujerar a tsakiyar gareji tana sheƙi. Ƙafa huɗu, farare tas, sirara, iri ɗaya kamar an zubo su daga kwali.

"Ina na Baba?"

"Su ne ai." Ya yi murmushi, gari na zubowa daga gashin bakinsa. "Sabuwar ta ƙi dacewa da su. Kin san injin ba ya iya karkace, layi ɗaya ya sani. Sai na ɗora tsofaffin na ɗan daidaita su."

"Ka ɗan daidaita."

"Ɗan aski ne kawai."

Ta durƙusa ta shafa ƙafar gaba ta dama. Babu lotson. Santsi ne irin na abin da ba wanda ya taɓa zama a kansa. Ta dubi injin, haƙorinsa ya yi baƙi da ƙuna, ta dubi mijinta yana jiran yabo, ta rasa wanne ya fi ba ta ƙyama.

"Zauna ki ji, ko girgiza ba ta yi," ya ce.

"Zauna kai, wanzami."

Ta wuce shi zuwa buhun shara da ke bayan ƙofa, ta zura hannu har gwiwa cikin gari da guntayen samfefar goge katako. Can ƙasa ta lalubo karyayyar ƙafar, baƙa, karkatacciya, wadda karyewarta ce ta cece ta. Ta goge ta da bakin mayafi.

"Me za ki yi da wannan? Shara ce fa."

Ta rungume ta a ƙirji ta fita. Kujerar ta bar masa.