Sunan Kumandan a Cikin Littafi

Da tsagaggen kara gardin Kumandan, baturen da ke mulkin yankin, ya ɗauko takardar, don ya rantse hannunsa ba zai taɓa ta ba. 'Yar mitsitsiya ce, ba ta kai faɗin yatsu uku ba, amma ya miƙa ta nesa da jikinsa kamar mai fitar da kunama daga ɗaki. Abokin aikinsa kuwa ya riga ya zura wa Gado igiya a ƙugu.

Safiyar Lahadi ce a Tudun Baushe, wani ɗan ƙauye gabas da Matankari. Kiristocin garin duka-duka su tara ne har da jariri, suna zaune a rumfar karan da suke sujada. Tun da yaƙin Turawa ya sa aka rufe iyaka, aka kori baturen mishan da ke zuwa musu daga hayin iyaka, inda Ingilishi ke mulki, Gado ne ke karanta musu Littafi, domin shi kaɗai ya iya boko. A tsakiyar Littafin nan ne aka tarar da takardar, a ninke.

"Sunan wa ke nan?" in ji gardin.

"Na Kumandan ne," in ji Gado.

"To kun ji da bakinsa. Mako uku Kumandan yana kwance yana tashi da zazzaɓi, ashe ga inda ciwon ke fitowa."

Kubra, matar Gado, ta dafe ƙirji. Maigari Mani yana tsaye bayan gardawan, idonsa a kan yatsun ƙafarsa, kuma ba sai an gaya wa kowa wanda ya kai ƙara bariki ba.

Gaskiya ɗaya ce, wautar Gado ce ta jawo. A ƙasar Arewa, ka tambayi ɗan bori ko ka tambayi malami, amsa guda za ka samu: sunan da aka rubuta, aka ninke, aka cusa cikin littafi, mutane suka taru suna kiransa ido rufe, jifa ne. Shi da aka haifa a gidan bori, wanda ubansa ke kai baƙar akuya Lugu, matattarar 'yan bori, kowace shekara, ya kamata ya fi kowa sani. Amma boko ya cika masa kai har ya manta yadda idon gari ke kallon takarda.

Suka kama hanyar Dogon Dutsi, gardawa a kan dawaki, Gado a ƙasa, maigari yana biye can baya a kan jakinsa. Hagu da dama hatsi ya nuna, kawunansa sun sunkuya, saura kwana goma a sa masa wuƙa. Gado ya san abin da ke jiransa. In an tabbatar da laifin, gidan kaso ne a Dosso, daga nan a tura shi aikin hanya. Ya taɓa yin wata huɗu a can da kwandon tsakuwa a kai, ya dawo da zanen bulala a baya, kuma cikin mutum shida da aka ɗiba daga garinsu huɗu ne suka komo. Tsoro ya kama shi sosai.

Abin haushin ma, shi bai taɓa son addu'ar nan ba. Gwaggonsa Asiya ce ta ɗora masa ita, tsohuwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba amma ba ta mantuwa. Bara ya karanta musu inda aka ce a riƙa roƙa wa sarakuna da masu iko alheri domin talaka ya samu zama lafiya, ya yi sauri zai wuce, ta ɗaga hannu.

"Tsaya. To ina namu? Ban taɓa jin ka ambaci Kumandan ba."

"Gwaggo, mutumin da ya sa aka farfasa mini baya?"

"Kai ka karanta mana, ba ni na rubuta ba. Kuma ka duba mana, ranar da kansa ya yi ciwo, bayan wa ke sha? Ni ina ganinka, ɗana. Kullum kana dafa baturen nan a cikinka, shi yana can yana cin abincinsa, kai kake ramewa."

Ranar Gado ya yi addu'ar a gurguje, ya roƙa wa Jan Kunne alheri, domin sunan da kowa ke kiran Kumandan ke nan in ba ya kusa. Asiya ta buɗe ido tun ba a ce amin ba, ta ce ba a kai wa Allah sunan zambo, ya je ya nemo wanda uwar mutumin ta raɗa masa. Sai da ya tare kukun bariki ranar kasuwa kafin ya samu. Sunan kuwa harshe na tuntuɓe a kansa sau uku kafin ya fita, shi ya sa ya rubuta don kada ya ɓace masa. Shekara guda ke nan yana karanta shi kowace Lahadi, baki na faɗi, zuciya na gunaguni.

Rana ta karkata kafin su isa. Aka shigar da shi biron Kumandan, wato ofishinsa, aka aje takardar a kan tebur, aka danne ta da dutse. Tafinta, wani dattijo mai suna Ɗan'azumi, ya ja da baya kaɗan yana motsa baki da abin da ya sawwaƙa na neman tsari.

Gado bai taɓa ganin Kumandan a zaune ba, balle babu hula. Ashe ƙaramin mutum ne mai sanƙo, ya lulluɓa da bargo cikin wannan zafi, fatarsa ta yi ɗorawa, yana rawar ɗari, kofin ruwa a gabansa. Ya yi magana a gajiye, Ɗan'azumi ya juya.

"Ya ce Ingilishi ne suka sa ka?"

"Ranka ya daɗe, rabona da ganin baturen mishan damina biyu."

"To me kuke yi da sunansa?"

"Addu'a muke yi masa."

Da aka juya masa, Kumandan ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Ya ce shi bai yarda da asiri ba, amma gari duka ya yarda, kuma ba zai bari a riƙa cewa wani manomi ya kwantar da Faransa da guntuwar takarda ba. Ya nuna ƙasa da yatsa.

"Ya ce ka yi a nan, yanzu," in ji Ɗan'azumi. "Yadda kuke yi can, kada ka rage, kada ka ƙara."

Gado ya durƙusa. Rufe ido alhali gardi na tsaye a bayanka da bulala ba ƙaramin aiki ba ne, amma ya rufe. Ya faɗi sunan, harshensa ya yi tuntuɓen da ya saba, sannan kalmomin da ya haddace suka gudu suka bar shi. Babu abin da ya rage sai abin da idonsa ya gani.

"Ya Ubangiji, ga bawanka ba shi da lafiya, ka ɗauke masa zazzaɓin nan. Ka ba shi barci, domin in bai yi barci ba mu ma ba mu yi. Yana nesa da gida, ka kai wa mutanensa labarinsa, ka kawo masa nasu. Ka sa masa masu gaya masa gaskiya a kusa. In ya ɗauki alƙalami zai sa hannu a kan mutane, ka tuna masa suna da gonaki da 'ya'ya. Ka tuna masa kuma akwai wanda ke bisa kansa, wanda zai tambaye shi."

Ɗan'azumi yana bi yana juyawa jimla bayan jimla. Da aka zo ta ƙarshen sai tari ya sarƙe shi, abin da ya faɗa da Faransanci bai fi kalma uku ba. Gado ya ci gaba, ya roƙa wa sarkin ƙasar, da gardawa, da tafinta, kamar yadda suka saba. Da ya ce amin, sai ya ji wani ya amsa ƙasa-ƙasa daga bayansa, kuma muryar mai bulalar ce.

Kumandan ya daɗe yana kallonsa. Ya tambaya ko ya taɓa yin aikin hanya, Gado ya ce wata huɗu. Ya tambaya to don me.

"An umarce mu ne, ranka ya daɗe. Ba zan yi ƙarya ba, ban so ba. Amma na lura, mutumin da kake kai sunansa gaban Allah kowane mako, da wuya ka kwana kana shirya masa mugunta. Kuma in kun samu lafiya da hankali, mu ma mun huta."

Baturen ya ɗage dutsen da kansa, ya tura takardar bakin tebur da yatsa ɗaya, ya faɗi wani abu yana jan bargonsa.

"Ya ce ka kwashi abinka ka tafi girbinka," in ji Ɗan'azumi. "Ya ce kuma akwai waɗanda ke zaune a kansa can Yamai, sun fi shi bukata, a sa da su."

Da aka kwance igiyar, Gado ya ɗauki takardarsa. Ya fita ya zauna a gindin wani itacen gao, ya sha ruwan da wata mai fura ta miƙo masa, ya ji wani sanyi na sauka daga wuyansa har tafin ƙafa. Daɗi ya kama shi har ya rasa ko dariya zai yi ko kuka. Zai yanke hatsinsa da hannunsa, zai kwana a ɗakinsa.

A bakin gari maigari ya iso shi, ya sauko daga jaki, suka jera. Suka yi tafiya mai nisa.

"Gado, ka san wuyana ne," in ji Mani daga bisani. "Da baturen nan ya mutu, aka ji takardar a garina take na yi shiru, da ni za a fara."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Kuma ka ga yadda yake rawar ɗari. In ya cika a makon nan, babu mai tuna abin da ka faɗa a durƙushe, takardar za a tuna. Ku dage da roƙon nan."

Gado bai kawo wannan a ransa ba. Sai kuma murmushi ya kuɓuce masa da ya tuna fuskar da Gwaggo Asiya za ta yi in ta ji shi Lahadi mai zuwa yana roƙo da zuciya ɗaya.

Suka ƙara taku kaɗan. Mani ya gyara zaman rawaninsa, ya kalli gefe.

"Ni fa? Ana ambatona a rumfar taku?"

"Kowace Lahadi. Daga Kumandan sai sarki, sai kai."

"Har yau da safe?"

"Ba mu kai wurin ba gardawa suka shigo."

Maigari ya tsaya, jakin yana tsinkar ciyawa a bakin hanya.

"An rubuta?"

"A'a, naka ba ya ɓace mini."

"To madalla," in ji Mani, ya sauke numfashi. "A ci gaba, Gado. Amma da baki kawai."