Burtuntuna a Gonar Mahaman

Shekara ashirin da biyu ke nan Mahaman da Ɗan Azumi ba sa ga maciji, alhali layin gamba ne kawai ya raba gonakinsu a Safo. Tun shekarar da burtuntuna ta mai da zangarkun dawar ƙauyen baƙin gari, uban Mahaman ya rantse cewa uban Ɗan Azumi ne ya jajibo cutar cikin irin da ya sayo a Jibiya. Uban Ɗan Azumi ya mutu ana kiransa mai baƙin iri. Mahaman kuwa ya gaji ƙiyayyar kamar yadda ya gaji hauya.

Bana sai ga Samira, ma'aikaciyar gona daga Madarounfa, da wata 'yar jaka a liƙe. Ashe kafin annobar masu bincike sun ɗebi jar dawar uban Mahaman sun ajiye a ɗakin sanyi, kuma har yau tana da rai.

"Baba, ga hodar magani ka cuɗa da irin kahin ka shibka," in ji ta. "Sanyin da ya tsare iri yana tsare cutar da ke jikinai."

Mahaman ya watsa mata harara. "Irin ubana za a sa ma magani? Ki kai ma su Ɗan Azumi, su ne suka saba da cuta."

Girman kai dai bai taɓa yi wa kowa noma ba, amma wa zai gaya wa Mahaman? Ya shuka irin haka nan, ya bi majalisa yana cika baki. Dawa ta tashi kore shar. Da ta fitar da kai, ya murza zangarniya ɗaya, tafinsa ya yi baƙi ƙirin. Burtuntuna ce.

Washegari ya ɗauki lauje da buhu, ya shiga yanke masu cutar kafin ido ya gani. Yana ɗagowa ya ga Ɗan Azumi tsaye bayan gamba, tasa dawar fes a bayansa.

"Wagga dawa tana cikin firigo, can ɗakin sanyi, tun kahin ubana shi tahi Jibiya," in ji Ɗan Azumi. "Ko can ma shi ya bi ta ya sa mata?"

Mahaman ya tura buhun bayansa da ƙafa.

Ɗan Azumi ya ce, "Kar ka ɓoye buhun. Ran Juma'a ka taho da shi ƙohwar masallaci, inda ubanka ya yi rantsuwa."