Kazar Maman Jethro

Bas ɗin danfo ya yi minti arba'in a wuri ɗaya kafin Najiba ta haƙura ta ciro waya. Wata tirela ce ta kwanta a gaba ta tare hanya, motocin da suka taso daga Ijora suka yi cirko-cirko har inda ido ya tsaya. Direba ya kashe inji ya sayi gyaɗa yana ɓara, alamar shi dai ba shi da mara lafiya a gida.

Ita tana da shi. Mahaifinta, Malam Hadi, tsohon dillalin albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, kwanansa shida da sallama daga asibiti, kuma kwana shidan nan babu abin da ya shiga cikinsa sai ruwan shayi da cokali biyu na koko. Likita ya gaya mata ba tare da ɓoye-ɓoye ba: idan suka koma ranar Alhamis bai fara cin abinci ba, gado za a sake ba shi, a zura masa roba ta hanci. Baba kuwa ya rantse ba zai koma ba. Yau Laraba. Mijinta Shamsu yana hanyar Kano da mota, ita kaɗai ce da tsohon.

Da safe tana ɗaura ɗankwali za ta tafi siton da take aikin rubuta kaya, sai ta ji ya ce daga kan gado, fuskarsa a bango, wai ko za a samu dafa-dukar nan tata mai kaza. Saura kaɗan ta zauna a ƙasa. Wannan dafa-dukar ita ce wadda ya shekara yana yi wa ba'a, yana kiranta girkin 'yan ofis. Tukunya ɗaya ce tak: a soya kazar da albasa, a zuba jajjage, a juye shinkafa a kai, a rufe, kafin a idar da Magariba ta tsotse. Ta yi masa alkawari har sau uku. Shirinta ta sauka a kasuwar Agege, ta zaɓi kaza mai rai wajen Ɗanliti mai kaji, ya yanka ya fige mata, ƙarfe bakwai Baba na ci. To ga shi biyar ta wuce, ko Oshodi ba ta hango ba, Ɗanliti kuma ana kiran sallah yake kulle kejinsa.

Sai ta kira maƙwabciyarta, Florence, wadda duk gidan ke kira Maman Jethro. 'Yar Zonkwa ce, Kirista, mai ɗinki, ƙofarta na kallon tasu, tana kuma kiwon kaji a bayan gida. So take kawai ta leƙa Baba ta ce masa a yi haƙuri, hanya ce. Amma da safe a bakin famfo murna ta sa ta ba Florence labarin abin da Baba ya nema, kuma Maman Jethro ba macen da za ta ji labari ta zauna da shi ba ce.

"Kar ki damu, Najiba. Ina da kaza, ina da shinkafa. Na ga yadda kina yi ai. Kafin ki iso ya nuna."

Najiba ta buɗe baki za ta yi magana, wayar ta ɗauke. Caji ya ƙare.

Ta zauna da baƙar wayar a hannu, gumi na bin bayanta. Shekara talatin da biyar Malam Hadi ya yi a Legas, kuma bai taɓa sa nama a baki ba sai ya san hannun da ya yanka. Bai cin naman buka, wato rumfar sayar da abinci, bai cin kazar firji, ko a wajen biki sai ya ture naman gefe ya bar miyar da ta taɓa shi. Tambayarsa ɗaya ce, kafin ma ya wanke hannu: wa ya yanka? Kuma idan ya tambaya, cikin ido yake kallon mutum.

Ta shiga juya maganar. Idan ta tsince naman, romon ya riga ya ratsa shinkafa, hancin Baba kuma ciwo bai taɓa shi ba. Idan ta karɓi tukunyar ta ɓoye ta ɗora wata da busasshen kifi, ba abin da ya nema ba ke nan, mutumin da sai da ya kwana shida kafin ransa ya so wani abu. Sannan da wane ido za ta kalli Florence, matar da ta kwana biyu a bencin asibiti tare da ita? A ce mata an gode amma abincinki ba ya ciwuwa? Gidan haya ne mai bango kamar takarda, kafin safiya kowa ya ji.

Saura hanya ɗaya, kuma ta san ta tun kafin ta gama lissafa sauran. Ta ce Ɗanliti ne ya yanka, ta aika aka karɓo. Ta gwada faɗin haka a zuciyarta, ta ji bakinta ya yi ɗaci. Ta sake gwadawa. Wata mata kusa da ita ta tambaye ta da Yarbanci ko lafiya take magana ita kaɗai, ta ce lafiya lau. Ita da ko lokacin da ta fasa masa gilashin ido tana yarinya ba ta iya yi masa ƙarya ba, yau ga ta da aurenta tana haddace wata kamar karatun allo. Kunya ta kama ta, tsoro ya fi kunyar. Robar nan ta hanci ta gan ta a jikin wani tsoho a gadon da ke kusa da na Baba, ta kuma ga yadda Baba ya kau da kai.

Hanya ta buɗe wajen shida. Da suka iso Agege an idar da Magariba, rumfar Ɗanliti a rufe, ta dai duba don kar ta ce ba ta duba ba. Ta ƙarasa gida da ƙafa, sauri-sauri gudu-gudu, ƙaryarta a shirye.

Tun daga zaure ƙamshin ya tare ta. Florence ta iya, har ta fi ta sakin hannu da citta. Najiba ta ɗaga labulen ɗakin Baba da sallama, sallamar ta maƙale. Gadon babu kowa. Bargo a yaye, takalmansa ba sa bakin ƙofa, hularsa ba ta jikin ƙusa. Mutumin da ko banɗaki sai an riƙe shi. Ta dafa bango, abin da ta yi ta ƙin tunawa duk makon nan ya zo mata gaba ɗaya.

Sai ta jiyo muryarsa daga bayan gida, yana faɗa.

Yana zaune a kan benci kusa da kejin kaji, hula a ka, hannun riga a naɗe, yana goga wata wuƙa a kan dutse a hankali. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, amma bakin nan na nan yadda ta san shi. Faɗa yake wa Florence, wai wannan ba wuƙa ba ce, ludayi ne, da ita za a yi yanka ai an shiga haƙƙin dabba, sai da ya sa aka ɗauko masa tasa ta cikin jaka. Florence na tsaye da murfin tukunya a hannu tana cewa to Baba, an ji Baba. Gefen kwata ga gashin kaza an tara, an watsa ruwa a inda jini ya zuba.

Najiba ta tsaya ta kasa gaba ta kasa baya. Florence ce ta jawo ta gefe ta ba ta labari, tana yi tana dariya. Wai da ta kama kazar ta fita neman Salissou mai ruwa, wanda ya saba yanka mata, aka ce ya tafi ɗebo ruwa can bakin titi. Ta duba gidan babu wani namiji Musulmi sai Baba. Sai ta je ƙofarsa da kazar a hammata ta ce Baba a taimaka a yanka mana. Ya ce ba zai iya tashi ba. Ta ce to shi ke nan, bari ta jira ko zai iya an jima, ta tsaya a nan bakin ƙofa kazar na ta kuka. Ya ce ta kai wa wani. Ta ce babu wani. Da kukan ya ishe shi ya ce ta miƙo masa sanda.

"Na riƙe ƙafa da fiffike, shi ya duba gabas ya yi bisimilla. Hannu ko rawa bai yi ba."

"Maman Jethro," in ji Najiba, muryarta ƙasa-ƙasa, "dama Salissou ne ke yanka miki?"

Florence ta dube ta kamar ta tambayi ko ruwa na jiƙa kaya.

"To wa zai yanka? A gidanmu ko akuyan Kirsimeti babana ba ya sa wuƙa da kansa. Malam ake kira. In ba haka ba yaya maƙwabci zai ci? Ke yarinyar Legas ne, ba ki san gida ba."

Shekara huɗu suna ƙofa da ƙofa, Najiba na karɓar kwanon Florence da godiya ranar Kirsimeti ta miƙa wa masu wanke-wanke a ɓoye. Ta tuna wannan, fuskarta ta yi zafi. Ta kama hannun matar ta riƙe, hannun na warin albasa.

Baba ya ƙi komawa ɗaki, ya ce zafi. Aka shimfiɗa masa tabarma a nan bayan gida, Najiba ta zubo kaɗan a faranti, don likita ya ce a bi a hankali, ta ɗora cinya ɗaya a kai. Ya wanke hannu. Daga inda take durƙushe ta ji zuciyarta na jiran tambayar nan saboda sabo, ba ta zo ba. Ya yi bisimilla ya kai loma. Ya daɗe yana taunawa. Ya kai ta biyu. Ya ce kazar tsohuwa ce, ya gane tun daga ƙafarta, amma tsohuwar kaza ta fi romo. Ya ɗaga kai ya ga 'yarsa na kallon bakinsa.

"Ke kuma lafiya kike haki tun ɗazu?"

"Goslo ne, Baba."

Ya ci gaba. Florence ta koma kan kekenta, ƙarar ɗinki ta cika gidan, wani ya kunna janareta a maƙwabta. Najiba ta zauna sosai a ƙasa, sai a lokacin ta lura jakar aikinta na rataye a kafaɗarta har yanzu. Wani sanyi ya sauko mata tun daga wuya har yatsun ƙafa, irin wanda ta manta da shi tun ranar da aka kwantar da shi.

Ya cinye shinkafar, ya bi ƙashin cinyar ya tsotse, ya ajiye. Ta miƙa hannu za ta ɗauke farantin ta kawo magani, ya riƙe bakin farantin bai saki ba.

"Tukunyar ta yi ƙanzo?"

Ta ce bari ta duba. Ta shiga kicin ta durƙusa gaban tukunyar Maman Jethro da cokali tana kankarewa, tana share ido da gefen mayafi don kar hawaye ya ɗiga a ciki.