Goshin Jirgi

"Ba zan ba ka filafilin nan ba, Kawu."

Tayyiba ta faɗi haka idonta a ƙasa, kamar yadda aka koya mata yi wa manya magana, amma ba ta saki filafilin ba. Kawu Maitama, wan mahaifiyarta, yana tsaye a kan yashin bakin tekun Maryland, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya miƙo hannu.

"Me kika ce?"

"Ka ƙi sa rigar hana nutsewa, kuma ba ka taɓa shiga teku da kayak ba. Ka yi haƙuri, yau ka yi kallo."

"Ni?" Ya dubi Constance, abokiyar aikin Tayyiba a asibiti, 'yar Jos, wadda ta koya mata kamun kifi da kayak, wannan siririn jirgi na roba. "'Yata, ji mini yarinyar nan. Basarke ne ni, a bakin Kwara aka yanke mini cibiya a Yauri. Ina tuƙa kwalekwale uwarta tana goye."

"Baba, Kwara daban, wannan daban," in ji Constance tana dariya. "Wannan ba ya jin Hausa."

Kawu bai yi dariya ba. Shekara talatin yana aikin injiniya a Washington. Shi ya kawo Tayyiba karatu, a gidansa na Beltsville take zaune, a garejinsa kayak ɗin yake kwana. Ya yi tuƙin mota na awa uku da sassafe don ya nuna mata yadda ake yi, ga shi ta mayar da shi ɗan kallo. Ya juya ya zauna a kan akwatin ƙanƙara.

Tayyiba ta kwantar da sandunan fatsa a jikin jirgin ta ɗaure su tamau. Ta ja shi cikin ruwa har gwiwarta, ta saita goshinsa yana kallon taguwar ruwa. Sai ta tsaya tana ƙirga. Manyan sukan zo ne a jere, huɗu ko biyar, sannan teku ya ɗan numfasa. Ta biyar na fashewa ta faɗa kan kujera ta soma tuƙi da dukkan ƙarfinta. Wata taguwa ta miƙe a gabanta kamar katanga. Ba ta tsaya ba, ba ta kauce ba. Ta sunkuya ta soke ta da goshin jirgin, ruwan sanyi ya dake ta a ƙirji, sai ga ta a bayan farin kumfa inda ruwa ke lilo kawai.

Awa biyu ta yi a can. Ta kama ƙaton kifin rokfish guda, mai tsawon hannunta. Tana zura shi cikin jaka ta ayyana yadda Kawu zai ɗaga shi yana cewa bai kai giwan ruwan Yauri ba, ya kuma cinye rabinsa.

Dawowa ta fi fita wuya. Ta tsaya bayan inda taguwa ke fashewa, ta cire ƙugiyoyi ta rufe a akwati, ta sake ɗaure komai. Ta waiwaya tana karanta ruwan, don ta bi bayan taguwa, kada ta shiga gabanta. Ta soma matsowa. Sai da ta shiga inda ba a son tsayawa sannan ta gan shi.

Kawu yana cikin ruwa har cinya, daidai inda za ta sauka, ya buɗe hannuwa biyu.

Ta gane nan take. Mahaifiyarta ta sha ba ta labari: a gidansu, in masunci ya dawo, babba ne yake shiga ruwa ya karɓi goshin jirginsa. Girmamawa ce. Kawu ya huce ke nan, ya zo karɓarta kamar yadda ake karɓar namiji.

Amma kwalekwale a Kwara a hankali yake isowa. Wannan kuwa, da ita da kayanta, ya fi buhun shinkafa biyu nauyi, kuma teku ne zai wurgo shi. Abin da Constance ta fara koya mata ke nan: kada kowa ya tsaya tsakanin kayak da gaɓa.

"Kawu, fita daga ruwan!"

"Taho! Na riƙe ki!"

Ta soma tuƙi da baya. Taguwa ta ɗaga ta, ta wuce ta ƙarƙashinta.

"Ki taho na ce!"

"Ba zan taho ba sai ka fita!"

Constance ta rugo tana ihu. "Baba, don Allah ku fito mana!" Ya kaɗa mata hannu ko waiwayowa bai yi ba. Turawan da ke kwance a yashi suka miƙe zaune suna kallo.

Taguwa ta biyu ta wuce. Ta uku ta cika mata cinya da ruwa. Damatsanta suka ɗauki zafi kamar an zuba barkono, amma ta ci gaba da ja da baya, tana cije leɓe.

"Maitama! Matsa!"

Ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da aka haife ta. Ta ga hannuwansa sun sauka, amma ƙafafunsa ba su motsa ba.

Ta huɗu ta fi su duka. Tayyiba ta ji bayan jirgin ya tashi sama, goshinsa ya nufi gwiwoyin Kawu kamar mashi. Da ta bar shi a miƙe, da wataƙila ta sauka lafiya, amma da ya doki Kawu. Ta kafa filafilin a hagu ta danne da duk nauyinta. Jirgin ya juya ya ba taguwa gefensa. Ta jingina cikin kumfar yadda aka koya mata, amma ruwan ya fi ƙarfinta. Wani abu ya ce ƙas a kafaɗarta, duniya ta kife.

Ta rufe kai da hannu guda har jirgin ya wuce ta. Da ta miƙe tana tari, jirgin yana kwance a yashi, taku biyar daga Kawu. Sanda ɗaya ta karye. Jakar kifin ta tafi.

Constance ta tallafo ta. Kawu ya iso, gemunsa yana ɗigar ruwa.

"Kin gani? Da kin taho da na riƙe shi."

"Da na taho, da yanzu motar asibiti muke jira."

"A gaban mutane kika kira sunana, Tayyiba. Gatsal."

"Na kira. Ka yafe mini." Ta ɗago ido ta dube shi, hannunta na hagu yana reto. "Amma in ka sake tsayawa a wurin, zan sake kira."

Ya juya ya dubi jirgin.

"Kada abin nan ya ƙara kwana a garejina," ya ce. "Ki bi ƙawarki, ni na tafi."

Ya hau tudun yashin zuwa inda ya ajiye mota, da ƙafafunsa biyu, ko ɗingishi babu. Tayyiba ta bi shi da kallo har ya ɓace.

"Kafaɗar nan ta goce," in ji Constance tana taɓawa. "Sati shida a ɗaure, in kin yi sa'a. Shi kuma fa?"

"Shi ya fi sati shida," in ji Tayyiba. "Ba zai ƙara shiga ruwa ya tarbe ni ba. Kama mini bayan jirgin, mu ja."